Matattu Su Tashi, Fate Ya Nuna

Duk wanda ya yi makaranta a garinmu ya taɓa mutuwa a hannun Malam Lukyan, wasu ma ba sau ɗaya ba.

Malamin tarihi ne, dogo, siriri, da gashin baki wanda taba ta mayar rawaya. Ubansa makiyayin awaki ne, kuma a cikin tsohuwar ganuwar da ke kan dutse, bisa kogin Dinista, yake kiwonsu. A nan Lukyan ya yi rarrafe. A zamanin ba wanda ya ɗauki ganuwar a bakin komai, duk mai gina ɗakin aladu sai ya hau da amalanke ya ɓamɓaro duwatsunta. Da Lukyan ya gama karatu ya dawo koyarwa, sai ya tarar yara gyangyaɗi kawai suke zabgawa in yana ba su labarin Kosak, mayaƙan ƙasarmu na dā, da suka tsare ganuwar nan, da mahayan ƙabilar Tatar da ke kawo hari daga kudu. Wata rana haushi ya ishe shi, ya rufe littafin, ya ce kowa ya je ya samo sanda.

Daga nan abin ya zama na duk shekara, ana gab da hutun bazara. Sai ya raba aji biyu. Rabi su hau ganuwa da hulunan fatar tunkiya, rabi su taso daga gangare suna ihu. Matarsa, marigayiya Orisya, ita ta ɗinka kayan da tsofaffin labule, tana ɗinki tana tsine wa tarihi da wanda ya ƙago shi. Abokinsa Makar mai walda ya ƙera igwa da bututun ruwa, wadda ba ta taɓa kashe ko ƙuda ba, amma in an ɗura mata albarushi sai karnukan gari su yini suna haushi.

Dokar wasan ɗaya ce. Wanda takobin katako ya taɓa, ya faɗi, kuma ba motsi, ko tururuwa ce ta shiga masa wando. Can gefe kuwa ƙatuwar tukunya na kan wuta, faten gero da kitse da albasa, irin cimar masu gadin ganuwa ta dā. In filin ya cika da gawarwaki masu ƙunshe dariya, sai Malam ya ɗaga ƙararrawarsa ta tagulla ya kaɗa.

"Matattu su tashi, fate ya nuna!"

Sai ka ga an zabura, Kosak da Tatar, a tsugunna a tukunya ɗaya ana rigimar cokali. Shi a ganinsa darasin ke nan gaba ɗaya. Shekarun yaƙi da sunayen sarakuna kuwa, ya ce wanda ya damu da su ya nema a littafi.

A duk yaran da suka ratsa hannunsa babu wanda ya iya mutuwa kamar Ustim, ɗan Domka mai sayar da madara. A aji dai daƙiƙi ne na bugawa a jarida. Amma a bisa ganuwa, tabɗi! Sai ya dafe ƙirji, ya yi tangal-tangal, ya bar wasiyyar kekensa ga wanda ya kashe shi, sannan ya gangaro cikin ciyawa har ƙasa, harshe a waje. Ko da ya girma ya zama direban motar burodi, ya yi aure ya haifi 'ya, bai taɓa fashin ranar ba. Shi ke zama shugaban Kosak, shi ke koya wa ƙanana yadda ake faɗuwa ba a ji ciwo ba.

Da yaƙin gaske ya zo, Ustim bai jira a kira shi ba. Ya biyo ta gidan Malam da jaka a kafaɗa, yana washe baki.

"Malam, ka ajiye mini hulata. Kada ka ba wani mai ƙwarƙwata."

Cikin kaka aka dawo da shi a akwati a rufe. Muka durƙusa a bakin titi motar na wucewa, kamar yadda muka saba yanzu. A maƙabarta, limamin coci ya gama addu'a, an fara zuba ƙasa, sai Domka ta ratso mutane ta tsaya gaban Malam Lukyan. Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi da ya fi.

"Malam, ina ƙararrawar taka? Kai ka koya masa mutuwa wasa ce. To ga shi nan ya kwanta. Kaɗa mana."

Malam ya juya. Ya koma gida ya tura ƙararrawar ƙarƙashin gado, ya daina hawa dutsen. Maganar nan ta ci shi, ta cinye. Ya rame, gashin bakin ya zube kan leɓe. In ya haɗu da tsohon ɗalibinsa sanye da kaki sai ya tsallaka titi. Abin da yake so ya sani guda ne, kuma ba shi da wanda zai tambaya: shin rayuwar nan da ya ƙarar a kan ganuwa, yara ya koya wa tarihi, ko shirya su ya yi wa kabari?

Shekara biyu yana haka. Sai shugabar makaranta, wadda ita ma ta sha mutuwa a hannunsa tana 'yar kitso, ta zo har gida.

"Malam, yaran nan rabin karatunsu a ɗakin ƙarƙashin ƙasa suke yi saboda bama-bamai. Sun yi fari kamar dankalin da aka ɓoye. Ka taimaka ka fito da su rana, ko sau ɗaya. Amma fa ban da igwa, hukuma ta hana."

Har ya buɗe baki zai ce a'a, sai ta ƙara da cewa Ulyana, 'yar Ustim, tana ajin, kuma ita ta fi kowa nacin a yi. Sai ya amince. Ya raya a ransa, in ya ga 'yar Ustim ta faɗi, ta tashi, ta ci fate tana dariya, to wataƙila abin da ya yi a duniya ba mugunta ba ne.

Ya je wajen Makar, wanda tsufa ya sa kunnensa ɗaya ya mutu.

"Kai tsohon banza, ba ka mutu ba ashe?" in ji Makar. "Na ɗauka ɓeraye sun gama da kai."

"Rufe min baki. Za a yi wasa, amma ba albarushi."

"Yaƙi ba ƙara? Ai wannan taron coci ne."

Suka yi ta ja-in-ja, har dabara ta faɗo wa Malam. Akwai tsohon duro na ƙarfe a bayan shagon Makar. In aka kai shi cikin hasumiyar ganuwar aka maka masa guduma, ai zai ba da sauti kamar igwa, kuma ba dokar da ta hana dukan duro. Su biyu, tsofaffi da furfura, suka yi ta murna da wayonsu. Ko ɗayansu bai tsaya ya yi tunani ba.

Ranar ta zo da rana mai daɗi. Yaran suka hau dutsen a jere, shiru, ba ture-ture. Da yawansu ba 'yan garin ba ne, daga gabas, inda yaƙi ya fi zafi, aka gudo da su. Malam ya raba huluna. Ta Ustim ya ba Ulyana, ta sauko mata har hanci.

"Ke Kosak ce, kina bisa ganuwa."

"Malam, ni ina so in mutu," ta ce. "Kuma ka kaɗa ƙararrawar kusa da ni, ina so in ji ta sosai."

Ya yi dariya, karo na farko tun jana'izar. Ya ce jinin Ustim ne wannan, ba tambaya.

A hankali wasa ya fara kama jikinsu. Wani ɗan gajere ya yi ihu, wata ta mayar masa, sanduna suka fara ƙas-ƙas. Ƙamshin albasa ya cika filin. Malam ya ji ƙwalla na taruwa, ya ɗaga hannu ya yi wa Makar alama.

Duron ya yi wata irin ƙara, bangon ganuwa ya amsa, ya dawo da ita.

Kafin ƙarar ta mutu, babu yaro ko ɗaya a tsaye. Kosak da Tatar, wanda sanda ta taɓa da wanda ba ta taɓa ba, duk sun zube rub-da-ciki, hannuwa a kan ƙeya, baki a buɗe. Ba tangal-tangal, ba wasiyya, ba mai ƙunshe dariya. Malamarsu ma ta kife a kan wasu ƙanana biyu. Wani yaro ya jiƙa wandonsa, amma ko ƙwaƙƙwaran numfashi bai yi ba.

"Duro ne!" Malam ya ɗaga murya. "Yara, duro ne kawai! Makar, fito su gan ka!"

Ba wanda ya ɗago. Malam ya zaro ƙararrawar, ya kaɗa, ya sake kaɗawa.

"Matattu su tashi, fate ya nuna!"

Shiru. Sai ya ji an ja ƙafar wandonsa. Ulyana ce, kumatunta a ƙasa.

"Malam, ka kwanta. Ba a tashi tukuna. Ana jiran bom na biyu."

Ya dube ta, ya dubi filin. Gwiwoyinsa suka yi ƙara, ya durƙusa, ya kwanta a cikin ciyawa kusa da ita, ya damƙe harshen ƙararrawar a tafin hannu kada ta yi motsi. Haka suka zauna har malamar ta ɗago ta ce a tashi. Da jin muryarta suka miƙe, suka karkaɗe jiki, suka jeru da kansu. Fate ya kama a gindin tukunya, ba wanda ya kalle shi. Makar na tsaye a ƙofar hasumiya da guduma, yana kuka kamar ƙaramin yaro.

Ulyana ce ta rage a baya. Ta cire hular ta miƙa masa, idonta na kan ƙararrawar.

"Kakata ta ce kana da ƙararrawar da ke tada matattu. Ita ce wannan?"

"Ita ce."

"Na so in ara ne, in kai wajen Baba." Ta ɗago ta dube shi. "Amma ka kaɗa ɗazu, ko mu da ba mu mutu ba ba mu tashi ba. Ba ta aiki, ko?"

Ya girgiza kai.

"Ba ta aiki, 'yata."

Ta gyaɗa kai, kamar dama ta zata. Ta juya ta ruga ta cim ma layin. Shi kuwa yana nan zaune a ƙasa da hula a hannu ɗaya, ƙararrawa a ɗaya, har wutar tukunyar ta mutu.