Gonar Yaya Isiyaku da sa hannun da na hana shi

Shekara tara ke nan da muka kai Yaya Isiyaku makwancinsa, kuma har yau ba na bin hanyar Badar gabana bai faɗi ba. Mota na shan kwanar ƙarshe sai ga su a kan tsauni, dogayen fankokin nan da iska ke juyawa su ba da lantarki, tsaye a saman gonarsa.

Na ce gonarsa, amma in ka duba sakki, wato takardar mallaka, sunana za ka gani. Ɗan wan mahaifina ne. Ni a nan ƙasa mai tsarki, a Ranuna, aka haife ni, ina da takardar ɗan ƙasa. Shi kuwa daga Sudan ya zo da ƙuruciyarsa, da iƙama, wato takardar izinin zama, ya zauna har ya koma ga Allah. Duk wanda ya san zamanmu a nan ya san yadda ake yi: mai iƙama ya yi gumi ya saya, a rubuta da sunan ɗan'uwa mai takarda, a shafa fatiha a watse. Shi ya haƙa rijiya, shi ya dasa dabino. Ni aikina bai wuce zuwa ranar Juma'a in cika ciki in cika bayan mota ba.

Da maganar fankoki ta taso, manoman yankin suka tashi tsaye. Ba lantarki suke ƙi ba. Za a mayar da yankin daga na noma zuwa na masana'antu, kuma duk gonar da ta faɗa kusa da fanka, ta yi sallama da izinin gini. Ƙasar da ba a gini a kanta kuwa, wa zai taya? Yaya na da 'ya'ya mata huɗu, kuma burinsa ya kafa wa kowacce ɗaki a gefen gonar. Aka rubuta ƙorafi zuwa baladiyya, wato hukumar gari, aka yanka wa'adi, aka ce mai suna a sakki kaɗai zai sa hannu.

Sau uku yana tahowa gidana da takardar. Lokacin saura mini shekara biyu in yi ritaya daga aikin gwamnati, sai na ƙudurta cewa sunana a kan ƙorafi zai ja mini. Ba wanda ya yi mini barazana. Ni na tsorata kaina.

"Sule, biro kawai za ka ɗora," in ji shi a zuwa na uku.

"Bukra in sha Allahu, Yaya."

Ya naɗe takardarsa. "Gobenka ta yi yawa," ya ce, ya tashi bai taɓa shayinsa ba.

Wa'adi ya wuce. Maƙwabtan da suka sa hannu aka matsar musu da fankoki baya. Ɓangarenmu kuwa aka ɗauki shiru a matsayin yarda. Shekara biyu ya yi a ƙarƙashinsu, inuwar fukafukai na ratsa tsakar gidansa da la'asar, ga gunji ba fashi. Tubalin da ya tara yana nan jibge har yau. Bai ƙara tayar mini da zancen ba, kuma wallahi da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Da na sani ƙeya ce.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Ina jin zai yaba wutar da ba ta ɗaukewa a famfon rijiya, don shi ba ya danne gaskiya. Amma me zai ce game da wasiƙar da ta iso mini watan jiya? Kamfanin zai faɗaɗa, yana son gonar baki ɗaya, an kuma sake buɗe ƙofar ƙorafi. Ɗana Faisal, wanda ke jin Hausa ya amsa da Larabci, ya ce in sayar tun ana tayawa, ai sakki sunana ne. A gaban hukuma ya yi gaskiya. Sai dai matar marigayi, Yaya Hauwa, da 'ya'yanta biyu da jikoki, ba su da wani wurin kwana sai nan.

Na kwana uku da wasiƙar a aljihu, ina jin tsohon tsoron nan yana motsi. Ran na huɗu na sa hannu a ƙorafi, na miƙa da kaina, sannan na wuce Badar na gaya mata. Ban san ko za a saurare mu ba. Ba ta gode mini ba, kuma ban cancanta ba. Ta dai ce akwai abin da ban sani ba.

Ashe da ciwonsa ya yi tsanani, surukansa sun zo da takarda, suka matsa masa ya kira ni in rubuta a gaban shaidu cewa gonar tasa ce, tunda an ga halina. Ya ƙi.

"Cewa ya yi, Sule matsoraci ne, amma ba ɓarawo ba ne," in ji ta. "Kada a kunyata shi."

Dabino zai tsufa, fankokin ma wata rana za a kwance su. Abin da Yaya Isiyaku ya bari shi ne wannan shaidar da ya yi mini a lokacin da ba ni da abin kare kaina, ya kuma jingina makomar iyalinsa a kanta. Allah Ya jiƙansa, ni kuma Ya ba ni ikon kada in ƙaryata shi.