Ciwon da Yaya Orest Ya Haddace

Yayana Orest Danyluk ya mutu a talbijin sau da yawa har muka gaji da ƙirgawa. An harbe shi, an jefo shi daga bene, an ba shi guba, akwai ma lokacin da firiji ya danne shi. Mamanmu, Allah ya ji ƙanta, takan bar ferogi, ƙullin fulawa mai dankali a ciki, a kan wuta ta zo ta kalla, idan ya faɗi ta ce, "Na bana ya fi na bara kyau," ta koma kicin. Ni kuwa Halya, autar gidan, haushi ne yake kama ni. Mutum ya bar Winnipeg ya tafi Toronto wai zai zama wani abu, ga shi kullum a kwance 'yan sanda suna tsallake shi.

Babanmu ma'aikacin jirgin ƙasa ne, kuma ya so Orest ya gaje shi. Ina! Yaron da yake iya sa fuskarsa ta yi fari fat don kada ya je makaranta, wa zai ba shi jirgi? A Toronto ya yi samartakarsa kaf. Amurkawa masu shirya fim su zo su liƙa sunayen titunan New York a kan na Toronto, su ba shi rigar ɗan sanda da magana guda, shi ke nan an ci abincin wata. Da zafi ya zo sai ya hau dandamali ya yi sarakuna da tsofaffi masu dogon jawabi, waɗanda shi yake alfahari da su, mu kuma ba mu taɓa gani ba. Abin da ya sa aka san fuskarsa tallar tayar mota ce ta lokacin ƙanƙara. Har yau a kanti akan tare ni a ce, "Ke ce ƙanwar mai taya?"

Ya yi aure da wata 'yar wasa, suka rabu ba tare da kowa ya ji kansu ba. Da gashi ya yi fari, waya ta daina ƙara, sai ya tattaro ya dawo ya tare a ɗakin ƙasa na gidana.

A nan ya samu aikin da na kasa gane kansa. A makarantar likitoci ana ɗaukar 'yan wasa su zama marasa lafiyan ƙarya, ɗalibai su koyi aiki a kansu. A ba ka ciwo ka haddace, ka sa rigar asibiti ka kwanta, yara su yi ta latsa maka ciki. Orest ya ƙware har kusan duk wani sabon likita a garin nan ya taɓa taɓa cikinsa. Wanda ya fi daɗewa yana yi shi ne wani tsohon direban bas mai ciwon ciki da ke zagayawa baya, ba ya cin abinci, yana ramewa. Ɗalibi ya duba shi, sannan ya zauna ya gaya masa ciwon daji ne. Kafin kowane ɗalibi ya shigo, malamai sukan zaɓa wa Orest yadda zai karɓi labarin: wannan ka yi masa kuka, wannan faɗa, wannan shiru.

A farkon sanyin bara na lura yana barin abinci. Orest da yake share kwanon ferogi ya nemi ƙari, sai ga shi yana juya cokali.

"Yaya, lafiyarka kuwa?"

"Direban ne," ya ce. "Ya biyo ni gida."

"Wane direba kuma?"

"Na wurin aiki mana. Kin manta lokacin da na yi gurgu? Wata nawa na yi ina ɗingishi bayan an gama wasan?"

Ban manta ba, kuma wannan ne ya ɗaure min kai. Da idona na ga ɗingishin nan a bikin ɗiyata, kuma ƙafarsa lafiya lau. To yanzu me zan kama? Yau ya tashi yana riƙe da kwiɓi, gobe ya ci tsiran alade yana yi wa 'yan wasan hoki ihu a talbijin. Na ce bari in leƙa shi lokacin da bai san ana kallo ba. Ta taga na hango shi yana kwashe ƙanƙara a ƙofar gida, ya tsaya, ya dafa shebur, ya runtse ido. Na yunƙura zan fita. Sai kuma na ga ya miƙe ya sake yi, wannan karon da ɗaya hannun, kamar mai gyara kuskure. Wallahi na rasa ko in kira motar asibiti ko in jefe shi da takalmi.

Ran nan na tsare shi a kicin, wandonsa yana neman faɗuwa duk da ya ƙara wa bel huda.

"Ka dubi kanka! Ƙarya tana rage ƙiba ne?"

"Tana ragewa, Auta. Ba ki san aikin ba."

"To mu je a duba. Ai duk likitocin yaranka ne."

Ya kawar da kai, ya dubi butar shayi. Sannan ya ce, "In suka duba ba su ga komai ba fa? Ka ji ciwo har ya hana ka barci, a ce maka babu. Kin ga ke nan ba cikin ba ne, kan ne. Kin tuna Baba."

Na tuna. Babanmu ya ƙare rayuwarsa yana tambayarmu su wane ne mu, yana shirin tafiya aikin da ya bari tun tuni. A nan na gane Orest ba asibiti yake gudu ba, yana tsoron a ce masa lafiyarsa ƙalau. Tausayinsa ya kama ni, haushinsa ma ya kama ni, na ɗauki makullin mota na ce ya sa riga.

Likitar da muka samu, Dakta Villanueva, tana ganinsa ta yi dariya.

"Mista Danyluk! Kai ne ka jefe ni da kwalin tishu ina shekarar ƙarshe."

"An sa ni ne, 'yata. Ranar faɗa kika faɗo."

"Yau kuma me aka sa ka?"

"Da na sani da ban zo ba," ya ce.

Ta daina dariya. Ta tambaye shi inda yake ciwo, ya fara zuba kamar karatu, ciki, baya, rama, sai ya tsaya ya ce, "A'a, wannan na direban ne. Ko kuwa nawa ne?" Ya juyo yana kallona kamar ni ce zan raba musu. Ta sa aka ɗebi jini, aka ɗauki hoton ciki.

Da muka koma jin sakamako, da safe ne, rana tana haska ƙanƙara har ido yana zafi. Ta shigo ta rufe ƙofa, ta jawo kujera kusa da shi ta zauna. Orest ya taɓo ni da gwiwar hannu, ya raɗa min, "Ta jawo kujera." Ta tambaye shi abin da ya fahimta zuwa yanzu, na ga leɓensa yana bin maganarta kafin ta ƙarasa. Ciwon daji ne, ta ce, kuma ya riga ya kai hanta. Da an zo da wuri, da akwai abin yi da yawa.

Sai Orest ya sauke ajiyar zuciya, ya yi murmushi.

"Ashe akwai shi," ya ce. "Halya, kin ji? Akwai shi. Kaina ƙalau."

Ni ina kuka, shi yana murna, likita tana kallonmu ta rasa wanda za ta miƙa wa tishu. Har ya yabe ta, wai ta yi daidai, ba ta yi gaggawa ba. Na so in shaƙe shi.

A mota ya yi shiru. Muka wuce gada, muka wuce cocinmu, ina satar kallonsa ina jira in ga wanne zai yi, kukan ko faɗan. Ba ko ɗaya. Hannayensa suna kan cinya, fuskarsa ba komai a kanta, kamar mai jiran bas.

"Auta," ya ce.

"Na'am."

"Ina jin tsoro."

Muryar ba ta yi rawa ba, ba ta yi daɗi ba, ko kallona bai yi ba. Da a gaban darakta ya faɗe ta haka, da an ce ya sake. Ban taɓa jin yayana ya yi magana da rashin gwaninta irin wannan ba, kuma ban tsaya tambayar kaina komai ba. Na gangara gefen titi, na kashe motar, na kama hannunsa.