Tukunyar Tanti Kadidia Za Ta Sauka

Kafin masu kayan lambu su gama sauke buhunansu daga motocin da ke gangarowa daga duwatsun Ayar, Tanti Kadidia ta riga ta iso kasuwa. Ta ɗaga kan shu, wato kabeji, ta juya shi, ta murza ganyen zogale a yatsunta, ta karya bakin kuɓewa ta ji ko ɗanya ce. Daga nan ta biya wurin mahauta, ta koma gidanta a unguwar Obitara, ta hura wuta. Zuwa azahar kwanoni sun jeru a zaure, kowanne da mai shi. Babu tuwo a cikinsu, babu shinkafa, babu makaroni, babu ko ƙwayar gero, balle sukari. Fiye da shekara ashirin ke nan tana dafa wa masu ciwon sukari na garin Agadas abinci. Ƙarshen watan nan za ta daina, kuma har yau ban ji wanda ya tsaya a bainar jama'a ya ce mata sannu ba.

Ba sha'awa ce ta kai ta wannan aiki ba. Mijinta, marigayi Lawali, direban kamiyo ne, babbar motar kaya, a hanyar Dirku. Abincinsa a hanya shayi ne mai kauri, da dabino, da taliya. Ya fara yawan ƙishirwa, aka ce zafin hamada ne. Ya fara ramewa, aka ce gajiya ce. Sai wani ƙarfe ya yanke shi a ɗan yatsan ƙafa, ciwon ya ƙi warkewa. A gidan likita aka cire yatsan, daga baya aka cire ƙafar daga gwiwa. Likita ya ce diyabet ne, wato ciwon sukari, ya rubuta magani, ya ce sai an bi rejim, a rage hatsi, a bar sukari.

"Na ce masa, to likita, in ba tuwo ba fura, me mutum zai ci?" Haka ta gaya mini. "Ya ce ganye, nama, ƙwai, nono. Amma yadda za a dafa su mutum ya ƙoshi, wannan ni aka bar wa."

Ta sha wuya kafin hannunta ya faɗa. Lawali yakan ture kwano ya ce, "Kadidia, bunsuru kika mai da ni?" Ta shiga ɗaki ta yi kukanta, ta fito ta sake ɗora wata tukunyar. Sannu a hankali ta gano cewa in aka yanka shu siriri aka turara shi kamar dambu, aka fasa masa ƙwai da albasa da tafarnuwa, yana riƙe ciki. Ta koyi kwaɗa zogale da ƙuli-ƙuli ba tare da an barbaɗa gari ba. Ta koyi yin miyar kuɓewa da naman akuya mai kaurin da za a sha da cokali, a haɗa da yalo dafaffe. Ta gasa cuku, ta dama nono tsurarsa, ta dafa shayi da na'ana'a kaɗai. Ranar da Lawali ya suɗe kwano har ya nemi ƙari, ciwon ya riga ya taɓa masa ƙoda. Watanni kaɗan ya ci girkin nan da daɗi. Ya rasu kafin damina.

Tana fita takaba wata maƙwabciya ta shigo da kwano a hannu, ta ce mahaifinta ma an ce yana da ciwon, ko za ta sam masa irin na marigayi. Daga wannan kwano aka fara.

Tanti, ke ce uwar waɗanda aka hana tuwo. A garin da ƙin karɓar kofin shayi yake kamar zagin mai gida, kin tsaya kina cewa a'a a madadin mutanen da kunya ta hana su faɗa. An kira girkinki abincin awaki, an ce kina koyi da Nasara, an ce kina hana marar lafiya jin daɗin kwanakin da suka rage masa. Ba ki taɓa ramawa ba. Ba ki kuma taɓa cewa tukunyarki magani ce ba. Duk wanda ya zo, tambayarki ta farko ita ce, "Ka je an auna ka? Kana shan abin da likita ya ba ka?"

Bashar, wani mai haƙar zinariya ɗan ƙasar Maraɗi, shi ya ba ni labarinsa da bakinsa. A Tchibarakaten ya yi shekaru yana rayuwa a kan biskit da makaroni da madarar gwangwani. Aka sauko da shi Agadas da ƙafa a kumbure tana wari, ba shi da kowa a garin. Likitoci suka ce in sukarinsa bai sauka ba, sai yanka. Wata ma'aikaciyar jinya ce ta kwatanta masa gidan Tanti.

"Na zo ina dogara sanda," in ji shi. "Ta buɗe ƙyallen ta duba, ko fuska ba ta yamutsa ba. Ta ce, 'Ɗana, na taɓa ganin irin wannan ƙafa, kuma na ga inda ta ƙare. In za ka ci abin da na ba ka, ga tabarma a zaure. In kuma za ka riƙa zagayawa wurin mai shayi, ka tafi tun yanzu, don ba zan iya kallo sau biyu ba.' Na ce, Inna, na zauna."

Ya zauna. Ita ke raka shi wankin ciwo, ita ke tuna masa allura. Ya rasa yatsu biyu, amma yau da ƙafarsa yake zuwa masallaci.

Da duk labaran haka suke ƙarewa, da na rubuta wannan da farin ciki. Yayata Zuwaira ma ta ci daga tukunyar nan. Ta yi sauƙi, jiri ya bar ta, har ta koma saƙar tabarmarta. Sai dai Zuwaira mace ce mai jama'a. Yau suna, gobe biki, kuma ko'ina akwai mai miƙo mata kofi yana cewa, "Haba Hajiya, kurɓi ɗaya ba ya kisa." Masu ƙaunarta ne duka. Idonta ya fara tafiya, sannan zuciya ta biyo baya. Ranar sadakar uku Tanti ta zo gaisuwa, ta zauna a gefe tana kallon tiren shayi da kwalaben lemo suna zagaya masu makoki. Da ta tashi tafiya na raka ta ƙofa. Ta ce, "Malam, ka yi haƙuri. Tukunyata ɗaya ce, garin kuma da faɗi."

Yanzu ita ma jiki ya ce ya isa. Hayaƙin itace ya cinye mata ido, har ta fara yanke yatsa wurin yanka shu. Gwiwoyinta ba sa kai ta kasuwa sai da hutawa a hanya. 'Yarta Salma, da ke aure a Iferwan, ta zo ta ce ba za ta koma ba sai da ita. Tun watan jiya Tanti ta aika unguwa-unguwa cewa duk macen da ke son koyo ta zo, za ta nuna mata komai. Mata biyu suka zo. Ɗaya ta daina bayan mako guda, ta ce aikin da yawa, kuma mutanen gidansu suna yi mata dariya. Na ji wani tsoho daga cikin masu karɓar kwano yana tambayarta, "Hajiya, mu kuma fa?" Ta ce, "Baba, Allah yana nan."

Tanti Kadidia, mun gode. Mun gode a madadin waɗanda suka tsira da ƙafafunsu, da waɗanda kika ƙara musu 'yan shekaru tare da jikokinsu, har da waɗanda suka tafi duk da ƙoƙarinki. Allah Ya saka miki, Ya ba idonki lafiya, Ya jiƙan Lawali.

Mu kuma da muka rage, da wuya a sami gida a Agadas da ciwon nan bai leƙa ba. Ba sai kowa ya ciyar da gari ba. Kowane gida ya sami mutum ɗaya da ya iya dafa wa nasa marar lafiya abin da ba zai cuce shi ba, kuma in baƙo ya ce ba ya shan sukari, a daina yi masa magiya. Mata da maza, ku je Obitara ku tsuguna a gaban murhunta tun tana nan. Salma ta riga ta fara ɗaure kaya.