Zaman da Yaya Sule ke yi a kan akwati

Shekara bakwai ke nan da muka kai yayana Sule makwancinsa a nan Greensboro ta Amurka, Allah ya jiƙansa da rahama. Kowace shekara sadaka nake yi in yi masa addu'a in ja bakina. Bana kuwa abin da ya faru a gidansa ya hana ni sakat.

Yaya Sule bai yarda da kowa ba, kuma ni ƙanwarsa Rabi a wajensa na koyi halin. In magana mai nauyi ce, ba ya yin ta a falo. Sai ya ajiye waya a kan tebur, ya ja mutum can ƙarshen filin gidansa da ke yankin Pleasant Garden, gindin bishiya, sannan ya buɗe baki. 'Ya'yansa su yi ta dariya, suna cewa da Turanci wai Baba ya ɗauka a cikin fim yake.

Ba haka ya taso ba. Yana saurayi ya samu gurbin karatu a Tarayyar Sobiyet, lokacin da yaƙin cacar baka ke ci, ya tafi birnin Harkif ya karanci aikin ƙarafa. In an tambaye shi mafarin rigimar, yakan ce Amurka da Sobiyet tare suka kayar da Jamus, da ƙura ta lafa kowa ya dubi sandar da ke hannun ɗan'uwansa, tsoro ya kama shi. Ba su isa su daki juna ba, don bom ɗin da kowa ya ajiye zai tashi duniya har da mai shi, sai suka koma yin faɗan a tsakar gidan wasu. Wannan ya ba ka karatu kyauta, wancan ya ba ka alkama, dukansu su sayar maka da bindiga. Kowanne yana da rediyo mai magana da Hausa, Yaya kuma duka biyun yake saurare. Yakan ce abin da dukansu suka ƙi faɗa, a nan gaskiya take.

Ya dawo gida da digirinsa, masana'antar da aka horar da shi dominta ba ta taɓa yin aiki yadda aka tsara ba. Ya zo Amurka, nan ma aka dubi digirin aka taɓe baki. Injiniya guda ya ƙare yana tuƙa motar ɗaga kaya a wani sito da ke titin Wendover, kuma bai taɓa gaya wa abokan aikinsa inda ya yi karatu ba, don kada a ce masa ɗan gurguzu. Abin yana ci mini rai har gobe.

Yana da wata ɗabi'a da duk muka sani. In za a yi tafiya, bayan an gama haɗa kaya, sai ya zauna a kan akwati, ya ce kowa ya zauna, a yi shiru na ɗan lokaci. Sannan ya tofa addu'a a tafin hannunsa, ya shafa a fuska, ya ce Allah ya kiyaye hanya, ya miƙe. Ni na ɗauka duk cikin zarginsa ne, yana sauraren ko akwai mai bin mu.

A farkon shekarar nan wata mata ta samo babban ɗansa Bashir ta intanet. Sunanta Irina, ta haura shekara arba'in, yaƙi ya kore ta daga Harkif tana zaune a Poland. Wai ita 'yar Sule ce. Wai ya auri mahaifiyarta yana ɗalibi, da ya gama aka ce ya tattara ya tafi, su kuma aka hana su fita. Mahaifiyar ta rasu. Abu ɗaya take so, a nuna mata kabarin ubanta.

Na ce wa Bashir damfara ce. Wa zai gaya mini? Mutumin da muka fito ciki ɗaya, a ce yana da 'ya ban sani ba? Ta turo hoton wani baƙin saurayi riƙe da jaririya cikin dusar ƙanƙara, na ce a zamanin nan ko hoton kakata a kan wata za a iya haɗa mini. Bashir ya kawo maganar gwajin ƙwayoyin halitta da ake yi da yawu, na ce ubanka da ransa ba zai tofa yawu a kwalba ya aika wa mutanen da bai sani ba. Matar marigayin, Hajiya Binta, magana ɗaya ta yi: ba za a kai baƙuwa kan kabarin mijinta ba.

Duk da haka Irina ta zo, ta sauka a wani ƙaramin otal a titin Gate City Boulevard, kusa da inda nake. Doguwa ce, wankan tarwaɗa, gashinta a murɗe. Na ƙare mata kallo ina neman Yaya a fuskarta, ina kuma addu'ar kada in same shi. Na yi mata tambayoyi kamar 'yar sanda. Me yake ci? Da wane hannu yake rubutu? Ta ce ba ta sani ba, tana ƙarama ya tafi. Na ce a raina, ka ji ko. Da Yaya yana nan ya ga garin da ya yi karatu ana ruwan wuta a kansa, tsakanin jikokin rigimar nan dai, da ya ce mana ai dama ba a gama ba, hutu aka tafi. Amma me zai ce da wannan matar da ke zaune a falonsa tana shan shayi?

Ranar komawarta ta biyo ta gidan yin sallama, ba a nuna mata kabarin ba. Bashir ya ɗauki makullin mota zai kai ta filin jirgi. Sai ta ce a dakata, ta zauna a kan akwatinta, ta yi shiru. Na juya na dubi Bashir. Bashir ya raɗa mini cewa ya karanta, al'adar mutanen can ce, kowa yana yi kafin tafiya. Na ce madalla, ka ga ba hujja ba ce.

Ban rufe baki ba ta ɗaga tafin hannunta biyu, ta hura iska a ciki, ta shafa a fuska. Matar da ba ta taɓa shiga masallaci ba. Sannan ta faɗi wasu kalmomi a karkace, harshenta na sarƙewa, amma duk wanda ke falon ya gane su: Allah ya kiyaye hanya.

Bashir ya tambaye ta ko ta san ma'anarsu. Ta girgiza kai. Ta ce mahaifiyarta ce ke yin haka duk sanda za su yi tafiya, ta kuma gaya mata shi ne abu na ƙarshe da ubanta ya yi a bakin ƙofarsu.

Sai Hajiya Binta ta ce, "Bashir, ka fara biyawa da yayarka ta maƙabarta. Jirgin in ya tashi, akwai wani."

Har yanzu ina ajiye wayata a ɗaki in zan yi magana mai nauyi, kuma ba na jin zan daina. Manyan duniya biyu sun cinye wa Yaya aikinsa, suka raba shi da 'yarsa, suka cusa masa tsoron da ya hana shi ambaton sunanta ko a gindin bishiyar nan. Ina jin haushinsu, shi ma ina jin haushinsa, Allah ya yafe masa. Abin da ya tsira shi ne addu'ar tafiya da ya bari a bakin wata ƙofa a Harkif, wadda wata mata ta riƙe har ta mutu ba ta san fassararta ba. Da Irina za ta koma, ni na zauna kusa da ita a kan akwatin, na ce amin.