Kunkurun Baba a Kan Siminti

A gidanmu na ƙauye, can cikin ƙasar Kurfi ta wajen Barkiya, akwai wani kunkuru da ya girme ni, ya girmi yayyena, har Baba ma da wayonsa ya tashi ya gan shi. Kakanmu ne ya tsinto shi a daji yana ɗan mitsitsi. Lokacin da na san shi kuwa, sai ƙarti biyu sun haɗa ƙarfi suke ɗaga shi. Baba ba ya ce masa kunkuru, Yaya yake ce masa, kuma ba da wasa ba.

Raminsa yana bayan rumbu. In rani ya tsananta sai ya shige, a daɗe ba a ji ɗuriyarsa ba. In bazara ta yi nisa sai a wayi gari a gan shi a tsakar gida yana ture turmi, yana ɓarar da tulu, yana bi ta kan duk abin da ya tare masa hanya. Ranar nan Baba zai sauko da iri ya gyara sungumi. Inna takan yi masa tsiya, ta ce mutum da gemunsa ya zauna jiran kunkuru ya gaya masa ranar shuka. Shi kuma ya ce Allah ke saukar da ruwa, Yaya dai ƙamshinsa yake ji. Wata shekarar ya dace, wata shekarar a binne iri rana ta ƙone shi, amma ban taɓa jin Baba ya ga laifinsa ba.

Ni na bar ƙauye tun da wuri, na zama malamin firamare a Dutsin-Ma. Ina can Inna ta rasu. Ina can kuma ɓarayin daji suka fara shigowa yankinmu. Da fari shanu suka kora, har da bijiman nomanmu. Daga baya suka koma ɗaukar mutane a gona da rana tsaka. Maƙwabta suka riƙa tashi gida bayan gida, Baba ya kafe ya ce ba inda za shi. Sai da masallaci ya rage shi da liman da wani makaho, sannan ya yarda na ɗauko a-kori-kura.

Ranar ce na ga taurin kai. Mun gama lodi, direba yana ta danna ham don hankalinsa bai kwanta da hanyar ba, Baba ya tsuguna bakin rami ya ce sai an haƙo Yaya. Raina ya ɓaci, na ce mutane na gudun ceton rai, mu muna haƙar kunkuru. Ko kallona bai yi ba. Haka muka sa fartanya muka tono shi, aka sauke gadon ƙarfe aka bar shi a tsakar gida don a samar masa wuri.

"Kwana biyu za mu yi mu komo," in ji Baba da mota ta tashi. "In ƙura ta lahwa, ni da shi za mu hwara shiga gari."

Wannan maganar ita ta riƙe shi. Muddin kunkurun yana gabansa, Baba baƙo ne a Dutsin-Ma, mai jiran ranar komawa gida. Da ita yake cin tuwo, da ita yake tashi ya tafi masallaci. Ni na san ba komawar da za a yi nan kusa, amma na bar shi da maganarsa.

Gidan hayar da nake ciki, Alhaji mai gidan ya malale shi da siminti tun daga zaure har bakin makewayi, ko inda za ka soka tsinke babu. Abin alfaharinsa ke nan, duk wanda ya zo neman ɗaki sai ya nuna masa. A kan wannan simintin muka ajiye dabbar da ta yi shekarun duniya tana kwana a cikin ƙasa.

Tun da safe yake farawa. Ya tafi lungu ya kafa kai ya yi ta yaƙushi, ƙarr, ƙarr, har azahar. In ya gaji ya koma wani lungun. Rana ta gasa simintin, ya rasa inda zai sa kansa, sai ya cusa rabin jiki ƙarƙashin benci. Na sayo yashi buhu-buhu na zuba masa a lungu guda. Kafin la'asar ya watsar da shi, ya tarar da simintin yana nan yana jiransa. Ya fasa bututun ruwa, ya kifar wa matata tukunyar miya, ya samu wata 'yar tsaga a gindin katanga ya fara faɗaɗa ta. Alhaji ya zo ya tsaya a kanmu ya ce shi mutane ya ba haya. Ban ji daɗin maganar ba, amma katangarsa ce.

Kafin rani ya raba, faratansa sun cinye. Sai ka ga ɗigon jini a duk inda ya bi. Ya daina cin harawa, ya daina cin ɓawon kankana da a da yake rububinsa. Baba yakan shimfiɗa buzu kusa da shi ya wuni yana yi masa magana ƙasa-ƙasa, yana ba shi haƙuri. Na tsani wannan kallon. Nakan daɗe a makaranta bayan an tashi, don kawai kada in dawo in tarar da su.

A ɗakin da ke kallon namu akwai wata ma'aikaciyar jinya, Kirista ce daga kudancin Kaduna, Sista muke ce mata. Ita ce ta riƙa wanke masa ƙafafu tana shafa masa magani. Wata rana ta gama, ta durƙusa gaban Baba.

"Baba, ka yi haƙuri da abin da zan faɗa. Wannan ba zai kai damina a nan ba. Akwai gidan zu a Kano, inda ake ajiye namun daji, na taɓa kai yarana. Suna da irinsa, kuma a kan ƙasa suke."

"Ɗiyata, ni in kai Yayana kurkuku? Mi ya yi?"

"To nan ɗin fa, Baba?"

Baba ya kau da kai. Ya yi kwanaki ba ya amsa gaisuwarta sai da ka.

Ana cikin haka wani mutumin garinmu ya yi ƙundumbala ya leƙa ƙauyen, ya dawo ya ba mu labari a zaure. An kwashe kwanon rufi, an cire ƙofofi, rumbuna sun zama toka. Waɗanda suka gwada zuwa sharar gona an koro su da harbi. Baba ya saurara har ƙarshe, tambaya ɗaya ya yi, ko rijiya tana nan. Mutumin ya ce bai tsaya dubawa ba.

Ba da daɗewa ba ruwan farko ya sauka da hantsi. Yara suka fita tsalle, ƙamshin ƙasa ya shigo ta saman katanga. Baba ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon ƙarƙashin benci. Kunkurun bai ko fito da kai ba. Da ruwan ya ɗauke, Baba ya kira ni.

"Malam, ka nemo mota."

Ban taɓa jin ya kira ni Malam ba sai ranar.

A but ɗin mota muka sa shi, a kan buhu. Fasinjoji suka yi ta zolaya, wani ya ce ko asibiti za a kai tsohon, wani ya tambaya ko maganin mene ne. Na ji kamar in rufe su da faɗa. Baba ya sa hula ta rufe masa goshi har muka isa.

Rabona da gidan zu tun ina ɗan makaranta, lokacin da aka kawo mu yawon buɗe ido. Abin da na riƙe kawai shi ne gurnanin zaki da yadda muka watse da gudu. Yanzu na tarar gari ya kewaye wurin ta ko'ina, ƙarar motoci a bayan katanga, amma ciki manyan itatuwa ne da inuwa. Wani dattijon ma'aikaci da aka haɗa mu da shi ya ce lokacin da aka kafa gidan, nan bayan gari ne, daji sosai. Gari ya zo ya cinye dajin, sai wannan yankin da katanga ta tsare. Ya sa aka kawo baro, muka ɗora kunkurun, muka bi shi a baya.

Ranar hutu ce, iyalai sun cika wurin. Maza da 'ya'ya a kafaɗa, mata sun shimfiɗa tabarmi, yara na layin lilo da alawa a hannu. Muka wuce kududdufin kada, muka wuce birai suna ƙwace gyaɗa, muka wuce jimina. Kowace dabba an yi mata ɗan abin da ya yi kama da inda ta fito: mai son ruwa an haƙa mata, mai son hawa an kafa mata kututture. A wajen barewa Baba ya ja ya tsaya, ya kama waya da hannu biyu. Ya ce yana saurayi, in za shi gona da sassafe, garkensu yake tararwa a bakin fadama. Ya ce bai lura da ranar da suka ƙare ba. Na tsaya ina kallonsa, ina tunanin yadda sai da muka yi tafiyar rabin wuni kafin ya sake ganin dabbar dajin garinsu.

Wurin kunkuru fili ne da 'yar gajeriyar katanga, jar ƙasa, da itacen aduwa a tsakiya. Akwai wasu a ciki, duk ba su kai namu girma ba sai ɗaya. Muka sauke shi. Ya daɗe a dunƙule, har na fara cewa a raina mun makara. Can ya fito da kai. Ya taka a hankali har gindin aduwa, ya tsaya, ya sa waɗannan dungulman ƙafafun ya fara haƙa. Ƙasa ta riƙa tashi ta bayansa. Yara suka taru suna tafi suna ihu, wata mata ta ɗaga waya tana ɗauka.

Na zaci zan yi murna. Wallahi baƙin ciki ne ya tokare ni. Baba ya tsuguna ya damƙi ƙasar, ya murza ta a tafin hannu, ya zubar.

Dattijon nan mutumin kirki ne. Ya ce, "Baba, kada ka damu. Duk ranar da Allah ya kawo zaman lafiya kuka koma gida, ka zo mu yi magana."

Baba ya kakkaɓe hannu ya miƙe.

"A'a, ɗana. Ku bar shi. Ya samu wuri."

Bai yi wa kunkurun sallama ba, bai waiwaya ba. A mota na saya masa fura, ta dawo Dutsin-Ma a hannuna.

Mun sauka tasha bayan la'asar. Na tsayar da mai babur, Baba ya ce in sallame shi, ƙafa yake son takawa. Muka kama hanya. Da muka zo kwanar gidanmu sai ya tsaya.

"Ina maƙabartar garin ga take?"

Na ce, "Baba, wa ya rasu?"

"Ba kowa. Kai ni in gani."

Na kai shi. Ya tsaya a bakin ƙofa ya yi wa mamata sallama, ya shiga yana bin tsakanin kaburbura a hankali, hannuwa a baya, yadda yake zagaya gona. Mai gadin wurin ya taso ya gaishe shi. Baba ya tambaye shi ko ana sa baƙi a nan, ko kuwa sai 'yan gari. Mutumin ya ce ana sa kowa.

"To, madalla," in ji Baba. Ya juyo ya dube ni. "Ka ji dai. In lokaci ya yi, kada ka wahal da kanka neman motar kai ni gida."