Ƙuri'ar Ɗakin Tanderu

Duk Asabar Wiltrud, mai motar sayar da burodi, takan tsaya a dandalin ƙauyen, kuma duk Asabar sai ta ga wata tsohuwa a ƙofar ɗakin tanderun jama'a. Ba ta san sunanta ba. 'Yar ƙanƙanuwa ce, bayanta ya ranƙwafa. Rigar sanyinta ta maza ce, an naɗe hannayen har sau uku. Wataƙila ta mijinta ce.

Tsohuwar tana girgiza wata jakar ƙyalle mai 'yan katakai a ciki, kowanne da sunan gida. Da su ake ƙuri'ar wanda zai fara gashin burodi. Tana zarowa, tana kiran suna da ƙarfi. Babu mai amsawa. Rabin gidajen a garƙame suke, sauran mutanen suna layi a motar Wiltrud.

"Iya, ke kaɗai ce fa," in ji Wiltrud. "Shiga ki gasa abinki mana!"

Tsohuwar ta harare ta. "Ke yarinya, gidan Dörsam ne suka fito farko. In tsallake su don sun mutu?"

Ta zauna kan benci, kwaɓinta a cinya, tana jira su gama.