Tagar Ɗakin Jego

Da yayata ta dawo gida Tambuwal haihuwar fari, Kaka, mahaifiyar Inna, ta taso daga Fakku don ta yi mata wankan jego. Ina hutun makaranta lokacin, aikina hura wuta da kai ruwan zafi.

Kowa ya san an sa Kaka kan maganin tarin fuka a Kebbe, na wata shida. Da na buɗe ƙunshin kayanta ina jerawa, ban ga ko ƙwaya ɗaya ba. Sai da na yi ta juya maganar a baki kafin na tambaya.

"Na warke," in ji ta. "Damina ta ɓata hanya, wa za shi kai ni Kebbe? Sauran na ba maƙwabciyata, tarinta ya fi nawa."

Ɗakin jego ƙarami ne. Kaka ta cusa tsumma a tagar, ta sa garwashi a kusurwa, ta ce iska ce ke kama mai jego da jariri. Nan take kwana, nan take yini, yaron a cinyarta. Maigidana take kiransa. In ta gama addu'a sai ta tofa masa a goshi, fuskarta dab da tasa. Tarin bai da ƙarfi, amma in ya taso sai kafaɗunta sun girgiza, kuma zanenta na kwana kullum a jiƙe da gumi nake shanya shi.

A makaranta an koya mana cewa cutar a iska take yawo, ta fi son ɗaki rufaffe. Na samu Inna a madafa na faɗa mata.

"To ki ce wa uwata ta fita mana," ta ce, ba ta ko ɗago daga tukunyar kunun kanwa ba.

Ban iya ba. Abin da na iya shi ne, duk shigar da zan yi da ruwa, in zare tsumman in tura tagar. Duk fitar da zan yi, Kaka ta mayar.

"Likitar gidanga, mi maigidana ya yi miki kika son kashe shi da sanyi? Uwarki a ɗaki irin wanga na goye ta."

Aka yi dariya, har da Yaya.

Bayan suna ne, ina zubar da kaskon da Kaka take tofa kaki, na ga jan abu a cikin tokar. Wannan karon sai na ɗauki kaskon na ajiye gaban Baba. Washegari ya ɗora ta a mashin zuwa asibiti, tana ta mita.

Da sakamakon ya fito, ma'aikaciyar lafiya ta zo har gida. Ta ce cutar ta dawo, kuma ƙwayoyin da Kaka ta yanke ba za su ƙara yi mata aiki ba, sai wasu masu wuyar sha. Ta leƙa ɗakin, ta daɗe tana kallo, sannan ta tambaya su wa ke kwana ciki.

Kaka ta dubi yaron da ke cinyarta, a hankali ta miƙa wa Yaya shi, ta ja gefen mayafinta ta rufe baki.

"Gobe ku kawo shi asibiti da uwarsa," in ji matar. "Yana shan nono sosai?"

Yaya ta ce kwana biyun nan in ya kama sai ya saki.